YOGA DA IYALIN KIRISTA: ME ZA MU ƊAUKA, ME ZA MU BARI?

Karatu: 1 Timoti 4:6-10; 1 Korantiyawa 10:14-33; Daniyel 1:1-21



Akwai wata tambaya da ta shigo gidajenmu ta cikin wayar hannu, ba tare da ta yi sallama ba. A nan Miri, da sauran unguwannin Bauchi, ba abin mamaki ba ne yanzu uba ya tarar da 'yarsa ta shimfiɗa tabarma da sassafe, ta jingine waya a jikin bango, tana bin wata malama a YouTube wajen lanƙwasa jiki da jan numfashi. In ya tambaya, sai a ce masa yoga ne, motsa jiki ne kawai. Wani uban zai ɗaga kafaɗa ya wuce. Wani kuwa zai ce tsafin Indiya ya shigo masa gida, a kashe wayar nan take. Dukansu biyu sun yanke hukunci kafin su bincika. Batun ya cancanci a zauna a kansa, domin ya taɓa abu biyu masu nauyi: lafiyar jikin da Allah ya ba mu amana, da kuma doka ta fari, wadda ta keɓe sujada ga Allah shi kaɗai.

JIKIN NAN AMANA NE

Mu fara da abin da ba shi da gardama. Iyayenmu ba su san wani abu wai shi lokacin motsa jiki ba, gama rayuwarsu duka motsi ce. Sun yi noma da fartanya, sun yi daka da surfe, sun ɗebo ruwa, sun yi itace, sun taka da ƙafa daga Miri zuwa kasuwa a cikin gari suka dawo. Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi, babur da keke mai ƙafa uku sun karɓi aikin ƙafa, ma'aikaci kuma yana wuni a kujera, ya dawo ya zauna gaban talabijin. Muna godiya ga Allah saboda sauƙin, amma jiki magayi ne. Hawan jini, ciwon suga, ciwon baya da shanyewar ɓarin jiki sun zama baƙin da kowace ikkilisiya ta sani. Duk dattijon da ke zuwa gaisuwar marasa lafiya zai shaida haka.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya riƙa motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ya kuma yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar kimanin minti 60 kowace rana. Wanda ya kai 65 kuma ya ƙara da atisayen da zai hana shi tangaɗi da faɗuwa.

Littafi Mai Tsarki bai raina jiki ba. Allah ne ya siffata shi, Ɗan Allah ya ɗauke shi, a ranar ƙarshe kuma za a tashe shi. A 1 Korantiyawa 6:19-20 Manzo Bulus ya tuna wa masu bi cewa Ruhu Mai Tsarki yana zaune a jikinsu, kuma jikin ba mallakarsu ba ne tun da an fanshe su. A 1 Timoti 4:8 ya ba horon jiki darajarsa daidai gwargwado, sa'an nan ya ɗora ibada a bisansa, domin ribarta ta haye har rai mai zuwa. Saboda haka mai bin da ke neman hanyar motsa jiki yana neman abu mai kyau. Sauran magana ita ce wace hanya zai bi.

ASALIN YOGA

Kalmar yoga ta fito ne daga Sanskirit, tsohon harshen addini na ƙasar Indiya, daga tushen da ke nufin haɗawa, kamar yadda ake haɗa shanun noma da karkiya. Fiye da shekara 1,500 da suka wuce wani malami mai suna Patanjali ya tsara koyarwar zuwa matakai 8. Zaman jiki shi ne mataki na 3, sarrafa numfashi na 4, na ƙarshe kuwa shi ne nutsewar da mutum yake fita daga sanin kansa na yau da kullum. Manufar ita ce kuɓutar da rai daga zagayen mutuwa da sake haihuwa, wanda addinin Hindu ya gaskata da shi. Ashe a wurin masu shi na asali, yoga hanyar ceto ce, jiki kuwa matakala ce kawai.

Yogan da ake gani a waya yau ya sha gyara. Wani sanannen littafinsu na ƙarni na 15 ya lissafa salon zama da tsayuwa guda 15 kacal. A 1893 Swami Vivekananda ya yi jawabi a taron addinai na duniya a Shikago ta Amurka, ya buɗe wa Turawa ƙofar sha'awar koyarwar Hindu. Cikin shekarun 1930 wani malami, Krishnamacharya, ya koyar da samari a fadar sarkin Mysore wani salo mai yawan motsi, kuma masana tarihi sun nuna cewa wasannin motsa jiki na Turai sun yi tasiri a kan yogan wannan zamani. Almajiransa ne suka baza shi duniya. Ɗayansu, Iyengar, ya wallafa littafi a 1966 mai bayanin tsayuwa wajen 200. A watan Disamba na 2014, bisa roƙon firaministan Indiya Narendra Modi, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya, aka fara bikinta a 2015.

Wannan tarihi ya nuna mana cewa sunan ɗaya ne, amma abin da ke ƙarƙashinsa iri-iri ne. Akwai ajin da babu kome a cikinsa sai miƙa da numfashi. Akwai wanda ibada ce daga farko har ƙarshe. Akwai kuma na tsakiya, wanda ya fi yawa, inda ake yayyafa addini kaɗan-kaɗan a kan motsa jiki kamar gishiri a miya. Wasu mabiya addinin Hindu ma ba su jin daɗin raba abin da tushensa. Wata ƙungiyarsu a Amurka ta yi yekuwa a wajajen 2010 cewa duniya ta amince yoga nasu ne. Ya kamata mu ji maganarsu da girmamawa, gama sun fi mu sanin kayansu.

ABIN DA YAKE YI WA JIKI

Gaskiya ta wajaba a kanmu ko a kan abin da muke shakka. Yoga yana da amfani ga jiki. Yana sassauta gaɓoɓi, yana ƙarfafa tsokar baya da ciki, yana taimakon tsofaffi su tsaya daram, jan numfashi a hankali kuma yana kwantar da bugun zuciya. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka masu kula da cututtukan manya ta sa yoga cikin jerin abubuwan da za a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon baya kafin a kai ga ƙwayoyi.

Amma a lura, a jerin nan yoga ɗaya ne cikin da yawa, tare da motsa jiki na yau da kullum. Masu binciken da suka tattara gwaje-gwaje a kan ciwon baya sun ga yoga ya fi zama haka nan, amma ba su ga ya yi wa sauran atisayen baya wata tazara ba. Ga shi kuma yawancin salonsa mai sauƙi ne, ba ya sa zuciya aiki kamar tafiya da sauri, ko tuƙa keke, ko noma. Wanda hawan jini yake bi a danginsu, tafiyar minti 30 kwana 5 a mako da rage gishiri da dunƙulen miya sun fi masa muhimmanci. Akwai kuma haɗari ga mai koyo shi kaɗai daga waya. Tsayuwa a kan kai da murɗa wuya suna iya jawo rauni, mai juna biyu da mai hawan jini da mai ciwon hawan ruwan ido kuma su nemi shawarar likita tukuna. Kada kowa ya ajiye maganin asibiti domin wani ya ce numfashi zai warkar da shi.

Taƙaicen wannan sashe shi ne: amfanin na gaske ne, amma matsakaici ne, ana kuma samunsa ta wasu hanyoyi. Babu wani sirri a ciki. Tsoka ce aka miƙa ta saki, yadda Mahalicci ya tsara ta. Mai bin da ya ƙi yoga bai yi asarar wani abin da ba shi da madadi ba.

INDA IYAKA TAKE

Yanzu mu zo kan abin da ya fi nauyi. Akwai jerin motsi 12 da ake kira Surya Namaskar, ma'anarsa gaisuwa ga rana. Surya shi ne allahn rana a addinin Hindu. A makarantu da yawa ana yinsa da asuba ana fuskantar gabas, kowane motsi yana da kirarin rana da ake furtawa tare da shi. Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da Ezekiyel 8:16, inda aka nuna wa annabi mutum wajen 25 a cikin Haikali sun juya wa wuri mai tsarki baya, sun fuskanci gabas suna yi wa rana sujada. Cikin abubuwan ƙyamar da aka nuna masa a wannan sura, shi ne na ƙarshe, shi ne kuma mafi muni. Maimaitawar Shari'a 4:19 ta riga ta yi kashedi a kan haka. Ayuba kuma ya lissafa ko sumbatar hannu domin girmama rana da wata a matsayin musun Allah (Ayuba 31:26-28).

Akwai furucin “Om”, wanda a wurin masu addinin sauti ne mai tsarki da ke wakiltar allahntaka. Akwai kalmomin da ake maimaitawa cikin harshen da mai koyo bai sani ba, alhali wasunsu kiran sunayen alloli ne. Akwai kuma koyarwar da ke cewa mutum ya nutse ya gane shi da Allah abu ɗaya ne. Wannan ya saɓa wa bishara daga tushe. Mu halittu ne, masu zunubi kuma. Ba mu hau wurin Allah ta matakala 8 ba, shi ne ya sauko wurinmu cikin Almasihu. Bimbinin Kirista kuwa cika zuciya ne da Maganar Allah, kamar yadda Joshuwa 1:8 da Zabura 1 da Filibiyawa 4:8 suka koyar. Yana da abin da yake tunani a kai, yana kuma da wanda yake magana da shi.

Ikkilisiyoyin duniya sun auna wannan batu, ba su kuma tsaya wuri ɗaya ba. A 1989 fadar Fafaroma ta fitar da wasiƙa tana gargaɗin kada a ɗauki daɗin da jiki ke ji a irin wannan horo a matsayin ta'aziyyar Ruhu Mai Tsarki. A 2020 majalisar Ikkilisiyar Otodoks ta Girka ta ce yoga ba shi da wuri a rayuwar Kirista. Jihar Alabama ta Amurka ta hana shi a makarantun gwamnati a 1993, sa'an nan a 2021 ta yarda da miƙa da tsayuwa kawai, ban da rera kalmomin addini.

KASUWA, GIDAN MAƘWABCI, DA ƊAKIN GUNKI

Masu bi na Koranti sun fuskanci tambaya mai kama da tamu. Yawancin naman garinsu yakan bi ta wurin gumaka kafin ya iso kasuwa. Bulus bai ba su amsa guda ta “ci” ko “kada ka ci” ba. Ya raba musu wurare uku.

Na fari, kasuwa. Ya ce su sayi nama su ci ba tare da binciken asalinsa ba, domin duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne (10:25-26). Haka miƙa hannu da lanƙwasa baya suke. Babu wani gunki da ya halicci ƙashin baya. In likitan fisiyo, wato mai gashi da motsa gaɓoɓi, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ya koya maka kwanciya rub da ciki ka ɗaga ƙirji saboda ciwon baya, yi abinka da godiya, ko da masu yoga suna da irin wannan motsi da nasu suna. Suna kaɗai ba ya mai da abu sujada. Bulus ya shiga jirgin ruwa mai ɗauke da alamar tagwayen alloli (Ayyukan Manzanni 28:11), bai kuwa zama mai bautarsu ba.

Na biyu, gidan maƙwabci. In marar bi ya gayyace ka, ka ci abin da aka kawo. Amma da zarar an faɗa maka cewa hadaya ce, ka janye hannu (10:27-29). Wannan shi ne matsayin ajin motsa jiki a otal ko a makaranta, da majigin da ke cikin waya. Muddin miƙa ce da numfashi, babu laifi. Da zarar malami ya ce a fuskanci rana a gaishe ta, ko a rera wata kalma, ko a buɗe wata ƙofar ruhu a cikin jiki, an gaya maka ke nan abin da ake yi. Naɗe tabarmarka cikin ladabi.

Na uku, ɗakin gunki. A nan Bulus bai bar ƙofa ba ko kaɗan: ba a haɗa teburin Ubangiji da na aljanu (10:20-21). Duk inda ake koyar da yoga a matsayin hanyar rai, da gumaka, da turare, da miƙa kai ga wani malamin ruhu, Kirista ba shi da abin nema a can, ko da kyauta ne.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a gare mu. Kakanninmu da suka karɓi bishara ba su daina shan ganyen darbejiya ba, domin Allah ne ya shuka shi. Abin da suka bari shi ne sharaɗin boka: a yanka baƙar kaza, a sha a mararraba, a kira sunan wane. Samarinmu suna kokawa, amma mun hana su laya da guru. Ganga da tulu suna tashi a Zumuntar Mata kowane mako, alhali akwai zamanin da ake kallon ganga a matsayin kayan tsafi. Daniyel ma a Babila ya koyi harshe da ilimin Kaldiyawa, ya amsa sunan da aka laƙaba masa, amma ya ƙi abincin sarki, abokansa uku kuma suka ƙi rusuna wa gunki ko da wuta na jiransu.

SHAWARA GA IYALAI

1. Ku sa tafiya a gaba. Mata da miji su fita tare da sassafe ko da yamma, minti 30, da saurin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga. Allah ya kewaye Bauchi da duwatsu, matasa su hau su. Mai gona kada ya bar fartanya gaba ɗaya.

2. In kuna bukatar miƙa da ƙarfafa baya, ku fara neman atisayen da likitocin fisiyo suke koyarwa. Yana ba da ribar ba tare da wannan damuwa ba. Wannan ita ce hanyar da ta fi lafiya ga yawancinmu.

3. Iyaye, kafin ku hana ko ku yarda, ku zauna ku kalli majigin tare da yaran daga farko har ƙarshe. Ku tambaya: me ake furtawa, me yake nufi? Wa ake girmamawa? Me aka yi alkawari, lafiyar baya ko salamar rai? Hani ba bayani yakan koya wa yaro ɓoyo ne kawai.

4. Kada ku furta abin da ba ku san ma'anarsa ba. Kada ku rusuna wa rana, ko hoto, ko malami.

5. Kada tabarmar motsa jiki ta ci lokacin addu'ar safe. In minti 20 kaɗai kuke da su, ku san wanda ya fi. Kwanciyar da jiki yake ji bayan miƙa abu ne mai kyau, amma ba ita ce salamar da ke zuwa daga gafarar zunubi ba.

6. Ƙungiyoyin ikkilisiya su taimaka. Matasa da 'yan Birged sun saba da fareti da wasanni. Me zai hana a keɓe safiyar Asabar domin tafiya tare, a gayyaci ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu su auna jinin jama'a, su koya wa tsofaffi motsin da ya dace da su?

KADA MU YI WA JUNA SHARI'A

Bayan duk wannan, za a sami masu bi biyu na gaskiya da ba su yarda da juna ba. Ɗaya ya tace, ya ɗauki miƙar, zuciyarsa kwance. Ɗaya kuma ko sunan ba ya son ji, wataƙila domin Ubangiji ya fisshe shi daga bori ko tsafi, ya san yadda ƙaramar ƙofa take zama babba. Romawa 14 an rubuta ta domin su biyun. Mai yi kada ya kira ɗan'uwansa baƙauye. Mai ƙi kada ya kira ɗan'uwansa matsafi. Wanda yake shakka ya bari, domin aikata abin da lamiri bai amince da shi ba zunubi ne a gare shi (14:23). Wanda kuma yake da 'yanci ya tuna cewa ana kallonsa. Malamar makarantar Lahadi da ta sa hotonta a Facebook da sunan yoga, yaran ajinta ba za su san abin da ta tace ta zubar ba, sunan kawai za su gani su bi. Saboda wannan dalili bai dace a shirya wani abu da sunan yoga a harabar majami'a ba. Ƙauna takan ajiye haƙƙinta domin raunana (1 Korantiyawa 8:9-13).

KAMMALAWA

To, yoga yana da amfani cikin tsarin motsa jiki? Motsin da ke cikinsa yana da amfani daidai gwargwado, na Allah ne kuma tun kafin a ba shi wannan suna. Addinin da ke cikinsa kuwa ba namu ba ne, ba mu da rabo a ciki. Wanda zai iya rarrabe su, ya rarrabe da tsoron Allah. Wanda ba zai iya ba, ya bar shi duka, bai rasa kome ba. Amma kada wani ya ƙi yoga da babbar murya sa'an nan ya koma kujera ya ci gaba da lalata haikalin Ruhu da zama da maiƙo da gishiri. Shi ma rashin riƙon amana ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

DON TATTAUNAWA A SUJADAR IYALI

1. Minti nawa kowannenmu ya motsa jiki a makon da ya wuce? Me za mu fara tare a wannan mako?
2. Ku karanta Daniyel 1 da 3. Me samarin nan suka karɓa a Babila, me suka ƙi, don me?
3. Waɗanne abubuwa ne kuma suke shigowa gidanmu ta waya da ya kamata mu auna da wannan ma'auni?

ADDU'A

Ya Ubanmu na Sama, kai ne ka yi rana, kai ne kuma ka gina jikinmu gaɓa-gaɓa. Ka ba mu himmar kula da shi, da hikimar rarrabe abin da ke naka da abin da ba naka ba. Ka tsare gwiwoyinmu da na 'ya'yanmu kada su durƙusa wa wani in ba kai ba. Ka warkar da marasa lafiyarmu, ka haɗa kanmu cikin ƙauna. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.